RA'AYI: Namiji a gaban kwamiti, sunan mace a takarda: Yadda mata-maza za su tunkari intabiyun neman aiki

Duk wanda ya taɓa neman aikin gwamnati ko na kamfani a Najeriya ya san cewa kafin a tambaye shi abin da ya iya, sai an fara duba takardunsa. Idan harafi ɗaya ya bambanta tsakanin sunan da ke satifiket ɗin sakandare da wanda ke lambar NIN, ana iya mayar da mutum gida.

To ina ga wanda takardunsa gaba ɗaya ke cewa mace ce, alhali wanda ke zaune a gaban kwamiti saurayi ne mai gemu da muryar maza?

Wannan shi ne halin da wasu matasa ke ciki a Arewa, waɗanda aka fi sani da mata-maza. An haife su da halittar da ba ta fito fili ba, ungozoma ta ce mace ce, aka raɗa suna, aka huda kunne, aka sa su makarantar 'yan mata. Da balaga ta zo sai jiki ya nuna akasin haka, likita ya yi gwaji ya tabbatar namiji ne.

Ana yawan ba da labarin tiyatar da ake yi musu, da wanda ya biya kuɗin. Abin da ba a cika magana a kai ba shi ne yadda za su ci abinci bayan an sallame su daga asibiti. Namiji ne yanzu, kuma al'umma na jiran ya nemi na kansa, ya ɗauki nauyin iyaye, wataƙila ya yi aure. Duk wannan sai da aiki, aiki kuwa sai an wuce teburin tantancewa.

Lalura ce, kuma tsohuwa ce

Kafin a zo kan shawara, ya kamata mai ɗaukar aiki da mai nema su san abin da ake magana a kai.

Likitoci sun san hanyoyi da dama da hakan ke faruwa. Ɗaya daga ciki ita ce jikin jariri namiji ya kasa sarrafa sinadarin da ke fito da al'aurar maza tun yana ciki, sai a haife shi da kamannin mace. Idan ya kai shekarun balaga, murya ta buɗe, ƙirji ya faɗaɗa, haila kuma ba ta zuwa. Wata likita a Amurka, Julianne Imperato-McGinley, ta wallafa bincike kan irin waɗannan yara a wani ƙauye na Jamhuriyar Dominika tun 1974. Nau'in lalurar gado ne, kuma ya fi bayyana idan uwa da uba duka suna ɗauke da ƙwayar halittar, abin da ya sa ake ganinsa a wuraren da auren zumunci ya yi yawa.

A addinance ma ba sabon abu ba ne. Malaman fiƙihu suna kiran irin wannan mutum khunsa, sun kuma yi bayanin sallarsa da aurensa da gadonsa. Littafin Mukhtasar na Shehu Khalil, wanda ake karantarwa a zaurukan Sakkwato shekaru aru-aru, da mas'alar gadon khunsa ya rufe. A 1989 kuma majalisar fiƙihu ta ƙungiyar Rabiɗa da ke Makka ta yanke cewa ya halatta a yi wa wanda halittarsa ta cakuɗe magani ko tiyata domin a tabbatar da shi a jinsin da ya rinjaya.

A Sakkwato, sashen kula da cututtukan mafitsara na Asibitin Koyarwa na Jami'ar Usmanu Danfodiyo ya yi suna wajen irin wannan aiki, har daga wasu jihohi ake kawo marasa lafiya. Gwamnatin Kano ma a zamanin Abdullahi Umar Ganduje ta taɓa ɗaukar nauyin tiyatar wasu mata-maza.

Me ya sa Illela?

Illela gari ne na kan iyaka, kilomita 80 da ɗoriya daga Sakkwato, kuma ɗan taƙi ne tsakaninsa da Birnin Ƙonni a Nijar. Kasuwarsa ta ranar Lahadi na tara fatake da dabbobi daga nesa, ga cinikin albasa da hatsi, ga manyan motoci da ke jiran a duba kayansu.

Ayyukan da ke garin sun haɗa da na ofisoshin dillalan kwastan, da na rumbunan ajiya, da gidajen mai, da shagunan POS, da makarantu masu zaman kansu, da asibiti, da sakatariyar ƙaramar hukuma. Daga nan ne kuma babbar hanyar Sakkwato zuwa Badagry mai tsawon kilomita 1,068 ta tashi, wadda aka ƙaddamar da aikinta a watan Oktoban 2024.

Sai dai abu biyu sun sa lamarin ya fi tsauri a irin wannan gari. Na farko, katin shaida ba abin ajiyewa a akwati ba ne. Mai aikin da ke bin mota zuwa Sakkwato ko tsallakawa Ƙonni zai riƙa nuna shi a shingayen jami'an tsaro, kuma katin da ke cewa mace a hannun mai gemu gayyatar tsarewa ce. Na biyu, garin ba shi da girman da mutum zai ɓace a cikinsa. Wanda zai yi masa tambayoyi ƙila ƙanwarsa ajinsu ɗaya da shi a makarantar 'yan mata.

Ga kuma ƙarancin guraben. Rufe iyakar da aka yi a Agustan 2019 zuwa Disambar 2020, da wanda ya biyo bayan juyin mulkin Nijar na Yulin 2023 har zuwa Maris ɗin 2024, sun karya jarin mutane da dama. Inda mutum ashirin ke neman gurbi ɗaya, ƙaramin dalili ya isa a cire sunan mutum.

Takardu kafin komai

Babban kuskure shi ne a je intabiyu da fatan ba za a lura ba. Za a lura. Don haka aikin farko ana yin sa ne watanni kafin a ga tallar gurbin.

Tushen komai shi ne rahoton likita daga asibitin gwamnati, mai ɗauke da hatimi da sa hannu. Ya kamata mutum ya roƙi likitansa ya rubuta masa gajeriyar wasiƙa daban, wadda ke cewa kawai an duba wane, wanda a da ake kira wance, an tabbatar namiji ne. Wannan ce za a riƙa nunawa. Cikakken fayil mai sakamakon gwaje-gwaje da bayanin tiyata ya zauna a gida.

Daga nan sai takardar rantsuwa ta sauya suna a babbar kotu, sai sanarwa a jarida, a kuma ajiye ainihin shafin jaridar mai ɗauke da kwanan wata. Da waɗannan ne za a nufi ofishin NIMC don gyara bayanan NIN, sannan banki don gyara BVN, sannan katin zaɓe da takardar shaidar zama ɗan ƙaramar hukuma. NIN ce ya kamata a fara gyarawa, domin sauran hukumomi da ita suke gwada bayanansu.

Satifiket ɗin WAEC da NECO da na makarantun gaba da sakandare sun fi wuyar taɓawa bayan an riga an buga su. Amma ba su lalace ba. Takardar rantsuwa da sanarwar jarida su ne igiyar da ke ɗaure tsohon suna da sabo, kamar yadda matan da suka koma amfani da sunan miji ke yi kullum a ofisoshi.

Abin da bai kamata a kusanta ba shi ne jabu. Akwai mai ba da shawarar a je shagon kwamfuta a goge suna, ko a ari takardar yaya ko ƙane. Ranar da aka gano, mutum ya rasa aikin, ya shiga hannun hukuma, kuma lalurar da ba laifinsa ba ta koma hujjar kiransa maƙaryaci. Ramin ƙarya ƙurarre ne.

Yaushe za a faɗa, kuma wa za a faɗa wa?

Ba kowane aiki ke buƙatar bayani ba. Mai shagon da ke neman yaron da zai riƙe masa POS, ko mai rumbun albasa da ke neman mai lissafi, idan bai nemi satifiket ba, babu dalilin a kwance masa tarihin haihuwa. Shiru kan lafiyar jiki ba yaudara ba ce.

Inda za a duba takardu kuwa, gara mutum ya riga su. A takardar bayanan kai a rubuta sunan yanzu, a ƙasa a ƙara layi ɗaya: wasu takardun karatu na ɗauke da tsohon suna, an haɗa da takardar kotu. Idan akwai hali, a ga sakataren kwamitin ko jami'in kula da ma'aikata shi kaɗai kafin ranar. Mutum ɗaya da aka yi wa bayani a natse ya fi sauƙin fahimta a kan mutum biyar da suka gano abu kwatsam suna kallon juna.

A cikin ɗakin, amsar ta zama gajeriya, wadda aka maimaita a gida har ta zauna a baki. Misali: "Ranka ya daɗe, an haife ni da wata lalura da ta sa aka ɗauka mace ce ni. Likitoci sun tabbatar namiji ne, kotu ta amince da sauya sunan, ga takardun." Daga nan sai a yi shiru, a jira tambaya ta gaba.

Ba a ba da haƙuri, domin ba a yi wa kowa laifi ba. Ba a kuma neman tausayi. Kwamiti na neman wanda zai riƙe aiki ne, kuma yadda mutum ya amsa tambaya mai nauyi ba tare da ya rikice ba shi kansa shaida ce a kansa.

Tambayoyin da suka wuce gona da iri

Za a samu mai son jin ƙwaƙwaf. Me aka yanke? Za ka iya aure? Kana haihuwa? A wane banɗaki kake shiga?

Babu ɗayan waɗannan da ya shafi iya lissafi ko koyarwa ko tuƙi. Ana iya kaucewa cikin ladabi: "Yallaɓai, wannan tsakanina da likitana ne, amma ba zai hana ni aikin ba. Idan akwai gwajin lafiya, a shirye nake."

Doka na bayan mai wannan amsa. Sashe na 42(2) na Kundin Tsarin Mulkin 1999 ya ce ba za a tauye wa ɗan ƙasa wani haƙƙi saboda yanayin haihuwarsa kawai ba. Sashe na 37 ya kare sirrinsa, na 34 ya kare mutuncinsa. Dokar Lafiya ta Ƙasa ta 2014 ta hana ma'aikacin asibiti fallasa bayanan mara lafiya, ita kuma Dokar Kare Bayanai ta 2023 ta sanya bayanan lafiya cikin waɗanda ake yi wa tsaro na musamman.

Akwai iyaka guda da ba a sassautawa: babu wani manaja ko ɗan kwamiti da ke da ikon cewa mutum ya tuɓe a duba shi. Wannan aikin likita ne, a asibiti, da yardar mai jikin. Wanda aka nemi ya yi haka ya tashi ya fita, ya kai ƙara ofishin Hukumar Kare Haƙƙin Ɗan Adam ta Ƙasa da ke Sakkwato, ko Hukumar Ba da Agajin Shari'a.

Mai sha'awar aikin ɗamara, wanda shi ne burin yawancin samarin kan iyaka, ya sani cewa gwajin lafiya dole ne, kuma ma'aunin maza da na mata daban ne. A aikin ɗan sanda, misali, ana neman tsawon namiji ya kai mita 1.67, mace 1.64, faɗin ƙirjin namiji kuma santimita 86. Wanda NIN ɗinsa ke cewa mace tun a shafin cike fom za a jefa shi layin mata. Wani dalili ke nan na gyara ta tun da wuri.

Shekarun da suka ɓace, da masu tsayawa

Da yawa daga cikin waɗannan matasa suna da giɓi a tarihinsu. Wani ya bar makaranta da muryarsa ta fara sauyawa saboda tsokana. Wani ya shekara biyu tsakanin gida da asibiti. Idan aka tambaya, "na yi jinya, na warke" ya wadatar, sai a ɗora da abin da aka koya a lokacin, ko ɗinki ne, ko kwamfuta, ko riƙe littafin shagon wani.

Ƙwarewar da aka samu da tsohon suna ma ba a zubar da ita. Wanda ya koyar a Islamiyyar mata ko ya yi aikin allurar rigakafi gida-gida ya yi aiki na gaske. Ya koma wurin ya nemi a rubuta masa takardar shaida da sabon sunansa.

A gari irin Illela, mai tsaya wa mutum ya fi satifiket ƙarfi. Ba wanda zai damƙa wa baƙo kuɗin POS ko makullin rumbu sai wani sananne ya ce na san shi. Don haka a nemi mutum biyu da suka san labarin tun daga tushe kuma ake jin maganarsu: limamin unguwa, ko mai unguwa, ko tsohon shugaban makaranta. Idan liman ya ce lalura ce kuma shari'a ta san da ita, bakin masu tsegumi ya mutu rabi.

Akwai kuma abin da ba a rubutawa a takarda. Wanda ya tashi a cikin gida tare da mata bai saba da zaman majalisa ba, bai saba miƙa hannu a gaisa ba, an koya masa sunkuyar da kai da sassauta murya. Kwamiti na iya ɗaukar haka a matsayin rashin kuzari. Wannan koyo ne kamar kowane koyo. Ya sa wani kawu ko amini ya zauna a matsayin mai tambaya, su gwada shigowa da gaisuwa da zama har sau da yawa. Kaftani mai tsafta da hula sun isa. Maganin ƙara sinadarin maza kuwa, likita ne kaɗai ke rubuta shi, ba mai kemis ba.

Tsaron kai

Mai neman aiki da ke ɓoye wani sirri nama ne ga 'yan damfara. Intabiyun gaskiya a ofis ake yinsa da rana, ba a ɗakin otal ko gidan wani ba. Kada a tura rahoton asibiti ta WhatsApp ga wanda ba a sani ba, domin hoto ɗaya ya isa a wayi gari ana yawo da mutum a TikTok. Wanda ya ce a ba shi kuɗi ko ya tona asiri, laifi yake aikatawa, kuma biyan farko ba ya zama na ƙarshe.

Wani lokaci kuma mafita ita ce nisa. Wanda garinsu ya yi masa ƙunci, fara aiki a Sakkwato ko Kano ko Kaduna, inda ba a san shi da wani suna ba sai na yanzu, ba gudu ba ne.

Masu sauya jinsi fa?

Mutane na yawan cakuɗa mata-maza da wani rukuni daban, wato waɗanda aka haifa da cikakkiyar halittar mace amma suke jin kansu maza, suke kuma rayuwa a haka. A Amurka, Kotun Ƙoli ta yanke a watan Yunin 2020 cewa korar irin wannan mutum daga aiki saboda haka ya saɓa wa dokar hana wariya. A Pakistan an yi dokar 2018 da ta ba mutum damar zaɓar jinsin da za a rubuta masa, amma kotun shari'ar Musulunci ta ƙasar ta soke wannan ɓangaren a watan Mayun 2023.

A Najeriya babu dokar da ta buɗe musu hanyar sauya jinsi a takarda, kuma hukuncin Makka na 1989 da ya halatta wa khunsa tiyata bai halatta musu ba. Dokar hana auren jinsi ta 2014 ba ta yi magana kan neman aiki ba, amma sau da yawa da sunanta ake tsoratar da duk wanda kamanninsa suka saɓa wa abin da aka saba gani.

Ga irin wannan mutum, shawarar ta fi karkata ga tsira da rai da mutunci: ya yi amfani da sunan da ke takardunsa na hukuma wajen cike fom, kada ya yi jabu, kada ya buɗe sirrinsa ga wanda bai amince da shi ba, ya kuma auna wurin da zai nema. Duk abin da mutum yake gani game da rayuwarsu, teburin intabiyu ba kotu ba ne, kuma babu dokar da ta ba kowa izinin duka ko tsiraita ɗan Adam ko tara masa jama'a.

Nauyin da ke kan sauran jama'a

Mai ɗaukar aiki zai iya cewa yana tsoron damfara, tunda ana yawan shigowa da takardun wasu. Tsoron na da tushe, kuma maganinsa na hannunsa: ya duba hatimin kotu, ya duba jaridar, ya gwada lambar NIN. Wani zai ce abokan ciniki za su gudu. Mai sayen mai ko mai cire kuɗi abin da ya dame shi shi ne a ba shi daidai, kuma tsegumin gari ba ya wuce 'yan makonni idan maigida ya tsaya wa yaronsa.

Hukumomi ma suna da aiki. Kenya ta ƙidaya mata-maza a ƙidayar 2019, ta samu mutum 1,524, ta kuma ambace su a dokar yara ta 2022. Abin da ake buƙata a nan bai kai haka wuya ba: NIMC da WAEC da NECO da JAMB su fitar da ƙa'ida ɗaya a rubuce, wadda za ta ce rahoton asibitin koyarwa da takardar kotu sun isa a gyara suna da jinsi, cikin sirri, a ƙayyadadden lokaci. Asibitin da ya yi tiyata ya sallami mutum da wasiƙar da zai kai waɗannan ofisoshi. Gwamnatoci da masu hannu da shuni da ke biyan kuɗin tiyata su ƙara da kuɗin gyaran takardu da koyon sana'a, domin shi ne rabin aikin da ya rage.

Malamai kuma su faɗa a kan mumbari abin da suke karantarwa a zaure. Yawancin masu dariya ba su san cewa littattafan da suke girmamawa sun yi wa wannan bawan Allah tanadi tun ƙarnoni da suka wuce ba. Ranar da suka sani, saurayin da ya miƙa takarda mai sunan mace zai ji an ce masa ya zauna, a ci gaba da tambayarsa abin da ya iya.